Tambaya da Amsa: "Malama, Wa Kika Zaɓa?"

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin ilimin zama ɗan ƙasa a wata sakandare da ke Kakuri. Kwanan baya wani yaro ɗan aji biyar ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, wa kika zaɓa?" Ban kai ga buɗe baki ba wata yarinya ta ce babanta ya ce duk maguɗi ne, tun kafin a dangwala an gama rubuta sakamako. Ajin nawa kuwa Musulmi ne da Kirista, daga ƙabilu daban-daban. Na tsawatar muka koma kan littafi, amma har yau raina bai kwanta ba. Yaya ya kamata in yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ta yaron ita ce mai sauƙi. Ki ce masa ƙuri'a sirri ce, shi ya sa ake keɓe wurin dangwalawa a rumfar zaɓe. Akwai kuma dalilin da ya shafe ki ke kaɗai: ke ce mai duba jarrabawarsu, kuma ranar da kika ambaci jam'iyyarki, duk yaron da gidansu ke ɗaya ɓangaren zai fara zargin makin da kika ba shi.

Maganar yarinyar ce ke buƙatar natsuwa, domin bakin mahaifinta ta ara, kuma ba a ƙaryata uba a gaban 'yarsa. Da ni ne, sai in ce, "To, mu bi ƙuri'a ɗaya mu ga inda za a iya taɓa ta." Ki ɗauki alli ki zana tafiyar. Mai zaɓe ya zo da katinsa, na'urar BVAS ta tantance yatsansa ko fuskarsa, ya dangwala, a ƙirga a bainar jama'a, wakilan jam'iyyu su sa hannu a takardar sakamako, sannan a kai mazaɓa, daga can zuwa ƙaramar hukuma. Yaran da kansu za su nuna miki inda ɓaraka take, domin sun ga ana rabon taliya da atamfa a unguwa, sun ji labarin 'yan banga masu sace akwati, wasunsu ma sun san cewa a wurin tattara sakamako alƙaluma kan canza. Kada ki musa abin da suka gani da idonsu.

Daga nan sai ki kawo musu 2023. A ranar 25 ga Fabrairu Atiku Abubakar na PDP ne ya fi samun ƙuri'u a Jihar Kaduna a zaɓen shugaban ƙasa, amma makonni uku bayan haka Uba Sani na APC ya kayar da Isa Ashiru na PDP a zaɓen gwamna da ratar da ba ta kai 11,000 ba, cikin ƙuri'u sama da miliyan 1.4 da su biyun suka samu, shari'ar kuma ta kai har Kotun Ƙoli a Janairun 2024. Ki tambaye su ko sakamakon da aka gama rubutawa tun farko zai zo da wannan fasali, ki bar su su yi gardamar da hujja.

Inda ba zan ba ki shawarar sassauci ba shi ne idan magana ta karkata zuwa addini ko ƙabila. Mu a Kaduna mun san rikicin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011, daga Zonkwa da Kafanchan har Zariya, kuma ba mamaki a ajinki akwai wanda gidansu ya yi rashi a lokacin. Ki kafa doka tun farkon zango cewa ana iya sukar ɗan takara a kan hanya, ruwan sha, asibiti ko albashin malamai, amma ba a taɓa addininsa ko asalinsa. Idan ajin ya yi zafi, tarihi yakan sanyaya shi: labarin Gwamna Balarabe Musa na PRP, wanda majalisar da NPN ke da rinjaye a cikinta ta tsige a 1981, yana koyar da rabon iko fiye da shafi goma na littafi, kuma ba wanda zai ji an taɓa gwaninsa na yau.

Ki kuma daina naɗa monita da baki. Ki nemi izinin shugaban makaranta, ki samo kwalin taliya ki huda samansa, 'yan takara su yi minti biyu-biyu suna neman goyon baya, kowanne ya tsayar da wakilinsa. Ita wannan yarinya kuwa, ki ba ta aikin ƙirga ƙuri'un a gaban aji.