Tambaya da Amsa: Edison ne ko Tesla?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a raba mana gardama. A majalisarmu wasu sun ce Edison ne ya ƙirƙiro wutar lantarki, wasu kuma sun dage wai basirar Tesla ya sace. Wanne ne gaskiya? Daga mai karatu a Anguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai duk cikinsu ba wanda ya ƙirƙiro ta, tun 1831 Michael Faraday a Ingila ya gano yadda maganaɗisu ke haifar da wuta, su rigimarsu a kan yadda za a kai ta gidajen mutane ne.

Edison ɗan gwaji ne, a gwada wannan in bai yi ba a jefar a ɗauko wancan. Ya tara ma'aikata a ɗakin gwajinsa da ke Menlo Park a Amurka suna ta ƙona zare da takarda da itatuwa iri-iri don neman abin da zai jure cikin ƙwan fitila, a 1879 suka dace da zaren da aka mayar gawayi, daga baya gorar Japan ta fi shi daɗewa. Ko ƙwan ma ba shi kaɗai ba ne, Joseph Swan na nasa a Ingila.

Shi kuwa Tesla lissafi ne nasa, ya ce a kansa yake harhaɗa inji kafin ya taɓa ƙarfe. Ya zo Amurka a 1884, ya yi wa Edison aiki na 'yan watanni suka ɓata ya kama gabansa. Bayan mutuwar Edison a 1931 har cewa ya yi da mutumin ya ɗan yi lissafi da ya huta da kashi 90 na wahalarsa, kun ji fa gori.

Wutar Edison, wato DC mai gudana ta fuska ɗaya, ba ta nisa, tashar da ya buɗe a New York a 1882 unguwa ɗaya kawai take ci. AC kuwa, wato wutar da ke kai-komo a waya wadda injin Tesla ke aiki da ita, taransifoma na ɗaga ƙarfinta ta yi tafiya mai nisa a waya sannan a sauke shi, shi ya sa ɗan kasuwa George Westinghouse ya sayi haƙƙin injin Tesla a 1888, kuma duk ɓatancin da ɓangaren Edison ya yi wai AC kisa take, a 1896 sai ga wutar AC daga tashar ruwan Niagara ta isa birnin Buffalo.

Maganar sata dai ni ina ganin an zuzuta ta, AC ɗin da Tesla ya yi suna da ita ai Edison ƙin ta ya yi, ta ina zai sace? Taransifomar layinku da kuke haɗa kuɗin gyara in ta ƙone AC take ba ku, batirin wayarka da na sola kuma DC suke ajiyewa.