Amsa ga mai neman haɗa sabulun wankan kare a gida

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka cewa karenka yana ta susa bayan kowane wanka, har gashin bayansa ya fara zubewa, kuma kana son a koya maka haɗa sabulun wankansa a gida, sai na ji kamar labarina kake bayarwa. Allah ya ba shi lafiya. Abin da zan fara roƙonka shi ne ka daina yi masa wanka da shamfun mutane, domin fatarmu tana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH kusan 5.5 take, ta kare kuwa ta fi kusa da 7, wato tsaminta bai kai na tamu ba, kuma kaurin samanta bai kai na tamu ba. Sabulun da aka yi dominmu yana kwashe maiƙon da ke tsare fatarsa, sai ta bushe ta yi fari-fari, ƙaiƙayi ya biyo baya.

Amma kafin in faɗa maka haɗin, ina so ka yi hattara da masu ba da shawara ba tare da sani ba. Wani mai sayar da kayan dabbobi ya taɓa haɗa mini ruwan wanka a kwalba, ya rantse cewa na ganye ne zalla, ashe ya tsiyaya man tea tree, wani man ƙamshi da ake tatsa daga ganyen wata bishiya, a ciki da yawa don ƙamshi da korar ƙuma. Bayan wankan da 'yan sa'o'i na tarar da karena a kwance, yawu yana dalala daga bakinsa, jikinsa yana karkarwa, da ya yunƙura zai taso gare ni sai ƙafafun bayansa suka ƙi ɗaukarsa, ya zube. Na ɗauke shi a hannu cikin dare, jikinsa har yanzu yana ƙamshin wannan man, ina kiran sunansa yana ɗaga ido da ƙyar. Likitan dabbobi ya wanke man daga jikinsa, ya yi masa ƙarin ruwa, sannan ya bayyana mini cewa wannan man guba ne ga kare, yana ratsa fata, ga kuma abin da yake lasa. Da na koma wurin mai sayar da kayan sai ya ce ai bai taɓa jin an yi ƙorafi ba, wai wataƙila karen ne dama ba shi da ƙarfin jiki. Har yau idan na tuna yadda ya faɗi maganar yana murmushi raina yana ɓaci. Saboda haka kada ka sa kowane irin man ƙamshi a haɗinka, kuma kada ka zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta na wanke ɗaki a ruwan wankansa.

Haɗin da na zauna a kansa ba shi da wani ƙawa. Ana niƙa kofi ɗaya na ots (hatsin nan mai kama da alkama da ake yin kunu da shi) marar sukari har ya yi laushi sosai, a haɗa da rabin kofi na bekin soda, a dama a cikin kusan lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Idan niƙan ya yi, ruwan zai koma fari kamar madara, ba za ka ga gari ya kwanta a ƙasa nan take ba. Ka jiƙa karen tukuna, ka shafa haɗin da yatsu har ya isa fata, ka bar shi kamar minti goma, kana kiyaye idanu da cikin kunnuwa. Ba ya kumfa, kuma hakan bai rage masa komai ba. Ɗauraya ce babban aikin, musamman hammata, ƙarƙashin wuya da gindin wutsiya, domin abin da ya maƙale a nan shi ne ke dawo da susa. Ka haɗa na rana ɗaya kawai, tun da babu sinadarin hana lalacewa a ciki.

Wasu za su ce ka ƙara khal, wato binega. Ni ban yarda da shi ba a kan fatar da aka susa har ta fashe, domin raɗaɗi zai yi masa, kuma idan ya haɗu da bekin soda kowanne yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Sabulun wanke kwanuka kuwa sai ranar da ya shafo baƙin mai ko wani maiƙo mai nauyi. Yawan wankan ma ka rage shi, sau ɗaya a wata ya ishi yawancin karnuka.

Zubewar gashin da ka ambata ita ce ta fi damuna. Ka taje gindin wutsiyarsa a kan farar takarda mai danshi. Idan baƙaƙen ɗigo suka faɗo suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, kuma ots ba ya maganinta, domin ƙwayayenta suna cikin shimfiɗarsa, sai an wanke ta da ruwan zafi an kuma karɓo magani. Idan kuma fatar ta yi ɓawo a gefen kunne ko gwiwar hannu, ka kai shi likita ya kankari fatar ya duba ko ƙazuwa ce.