Tsohuwar moto da gaban GSX-R: zai yiwu?

Ɗan'uwa, ka ce kana son sa wa tsohuwar Suzukinka ƙafafu masu inci 17 da gaban GSX-R, wato moto mai gudu ta Suzuki. Zai yiwu, amma sayo gaban dungurungum daga moto guda: sandunan biyu masu riƙe ƙafar gaba, wuya mai haɗa su da jikin moto, ƙafa, birki har da famfonsa. Tsince-tsince a kasuwar Katako shi ke cinye kuɗi.

Fara auna ƙarfen wuya da boris, nan ake yawan cijewa. Sandunan zamani sun fi gajarta, sai gaba ya sunkuya, kan moto ya riƙa rawa in ka taka wuta, ƙasanta kuma ya daki tudun hanya, ga ramukan Yamai. In ka faɗaɗa tayar baya, duba sarƙa ta miƙe sak.

Ƙarfen wuya kam, kai wa gwanin injin fiƙe ƙarfe, kada mai waldan bakin titi ya taɓa shi.