Za mu je Tiga a dogon hutu, amma Inna ta ce ruwa na cin baƙo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu 16 ne 'yan aji ɗaya, muna karo-karo don mu je dam ɗin Tiga yawon buɗe ido a dogon hutu. Innata ta ƙi yarda, ta ce ruwan nan yana cin baƙo. Yawancinmu mun iya iyo tun muna yara a kududdufin garinmu, wani abokinmu ma ya ce zai karɓo mana layar ruwa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Yaya za mu yi? Daga wani ɗalibi a ƙauyen Bunkure.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Tsarin tafiyar ba wuya. Ku naɗa ma'aji ya riƙa rubuta abin da kowa ya bayar, ku ɗauki shatar mota a tasha ta hannun 'yan kamasho, kada ku yi lodi fiye da kujeru, ku fita bayan asuba ku juyo da la'asar. Kowa ya zo da yardar iyayensa, ku tafi da malami ko wani babba.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne "mun iya iyo". Na yi shekaru a aikin ceto, kuma wannan maganar ce nake ji daga bakin abokan yaro muna tsaye a kan gawarsa. Wanda bai iya ba ai a gaɓa yake tsayawa, ruwa gwani yake ci. Kududdufinku kun san ƙasansa, kun san inda ƙafa ke taɓawa. Tiga kuwa kwari ne aka tare Kogin Kano ya cika shi, tun zamanin Audu Bako, aka gama a 1974. Taku biyu ruwa na gwiwa, na uku babu ƙasa. A ciki akwai laka mai riƙe ƙafa, da kututtura, da kalli da mamarin masunta. Saman ruwan ɗumi, ƙasansa sanyi, ga gajiya na kama mutum tun yana ganin gaɓa kusa. Dogon hutu kuma tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da ruwan ke ƙaruwa ya yi jawur.

Laya kuwa, wallahi masu sayar da ita suna ba ni haushi. Ba ta sa mutum ya taso sama, abin da take yi kawai ta cire wa yaro tsoro ya nufi tsakiya. In ya nutse sai a ce aljanun ruwa ne, ko tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mai laya ya ci gaba da cinikinsa. Gaskiyar Inna ita ce baƙo ruwa ke ci, domin baƙo ne bai san wurin ba.

Mai nutsewa ba ya ihu. Bakinsa na shiga yana fita, sai ka zaci wasa yake. In haka ta faru kada kowa ya yi tsalle ya bi shi, zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Ku miƙa masa gora, ko ku jefa igiya ko jarka mara komai da murfinta a rufe. In an fito da shi, a daina kife mutum ana danna cikinsa wai a zubar da ruwa. Wannan amai yake jawowa ya shaƙe shi. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2. Ko ya farfaɗo, asibiti.

Kwale-kwale ma kada ku hau sai da rigar ceto. Ka tuna Bagwai a Nuwamban 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari, mutum sama da 20 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya.

Ku je Tiga, wuri ne mai kyau. Ku fara gaida Sarkin Ruwa ya nuna muku inda za ku zauna, ku sayi kifi a gasa muku, ku ɗauki hotuna. Ka je ka yi wa Inna alkawarin ba wanda zai shiga ruwa. In abokanka suka ƙi wannan sharaɗi, ka karɓi kuɗinka ka zauna gida.