Muryar Baba tsohon kansila kan filin da aka kewaye a bayan unguwa

Salamu alaikum jama'a. Ga muryoyin da Baba ya turo daren jiya, na rubuta su saboda waɗanda megarsu ba ta isa su saurara ba. Amsa ce ga tambayar da ƙanenmu ya yi cikin gurup: an kewaye filin nan na bayan unguwarmu a nan Zinder da kwano, ana cewa gidan mai za a yi da jerin butik da magaza; wa ya ba da izini, kuma ana iya tsayar da aikin? Na rubuta yadda ya faɗa, ban gyara ba.

Murya ta farko

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida kowa da kowa, manya da yara. Ɗana, na ji tambayarka tun da rana, na bari sai na yi isha'i na zauna, don maganar ba ta tsaye ba ce. Na kuma saurari abin da aka yi ta turowa. Wani ya ce mai unguwa ya sayar, wani ya ce daga Yamai aka bugo waya, Hajiya kuma ta ce a tara yara a je a tumɓuke kwanon. Hajiya, ranki ya daɗe, kar a taɓa kwanon nan. Ranar da aka taɓa shi, maganar fili ta mutu, ta koma maganar komisariya, kuma ƴaƴanmu ne za su kwana can.

To ɗana, abin da nake so ka fara ganewa, kwanon da ka gani jiya shi ne wutsiyar zance. Kan zancen yana cikin wata takarda da wataƙila ta shekara goma tana kwance cikin durowa, ita ce pilan na lotisma. Lokacin da aka yanka unguwarku aka fidda kare-kare, an zana komai: nan gidaje, nan hanya mai faɗin mita kaza, nan lakwal, nan likita, nan masallaci, nan fili da aka ajiye wanda ake kira rezab, nan wurin itatuwa. Tun ran gini ran zane. Tambaya ta farko ke nan, kuma ita ce uwar sauran: filin nan, cikin pilan, mene ne sunansa? In kare ne na mutum, da lambar ilo da lambar parsel, yana da akt na sesiyo ko titir fonsiye, wato takardar mallakar fili, to filinsa ne, ko da ƴaƴanku sun shekara ashirin suna buga balo a kai. Wasan yara ba ya zama takarda. Amma in rezab ne ko wurin lakwal ko hanya, ba a maida shi wurin kasuwanci da fatar baki. Sai an bi hanyar sauya masa matsayi, a rubuce, kuma da hannun ma'aikatar tsara birane. Wannan takardar ita za ku nema ku gani da idonku.

Sai maganar wa ke sa hannu, don na ji ana cakuɗa abu biyu. Da majalisa da magajin gari kowa da aikinsa. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ita ta tsara wannan, kuma a shekarar ne Zinder ta samu matsayin birni na musamman tare da Yamai da Maraɗi da Tawa, ga arondisma 5 a ƙarƙashinta. Majalisa, wato mu kansiloli, mu ke tattauna dukiyar gari: filayen meri, yanka sabuwar unguwa, inda za a yi kasuwa ko tasha, kuɗin shiga da na fita. Mu ɗaga hannu, a rubuta. Amma permi, izinin gini na mutum ɗaya, ba a kawo shi zauren majalisa a jefa ƙuri'a. Dosiye ne mai gini ke ajiyewa, da takardar filinsa da zanen ginin, ma'aikatan fasaha su duba, na tsara birni, na tsabta, ƴan kwana-kwana, su ba da ra'ayinsu, sannan shugaban gari ya sa hannu. Ko zamanin da muke kan kujera, sau da yawa sai mun ga an zubo tsakuwa muke sanin an ba da permi.

Yanzu kuma ka san ba majalisar ma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun gari da na jihohi duka, aka naɗa kantomomi, waɗanda ake ce wa AD. Saboda haka wanda ya ce a je a samu kansilan unguwa, Allah ya ba shi haƙuri, kansilan unguwa ga shi nan yana muku murya daga kan tabarma. Ƙofar da za ku buga ita ce ta kantoma da ofisoshin fasaha na meri, da direksiyon tsara birane ta jiha. Ma'aikatan suna nan, takardun suna nan, dokokin ma ba a soke su ba.

Bari in yanke, kar ta yi nauyi ta ƙi tafiya.

Murya ta biyu

Yauwa. Gidan mai kuwa, in da gaske shi za a yi, permi kaɗai ba ya isarsa. Yana cikin wuraren da doka ke kira masu haɗari ko ƙazanta ko takura wa maƙwabta, dokarsu tun ta 1966 ce, ta girmi yawancinku. Ga manya daga cikinsu akwai abin da ake kira binciken komodo-inkomodo: a sanar, a buɗe rajista, maƙwabta su zo su rubuta abin da suke tsoro. Sannan ma'aikatar man fetur tana da nata izinin. Sannan ga dokar 2018 ta binciken muhalli, wadda BNEE, ofishin ƙasa na binciken muhalli, ke kula da ita: babban aiki sai an yi nazarin abin da zai jawo wa ruwa da iska da mutane, a zauna da jama'ar wurin a ji ta bakinsu, kafin a ba shi takardar shaida. Ƙaramin aiki nazarinsa ya fi sauƙi. To ku tambayi kanku tsakani da Allah: an taɓa kiran taro? Don na san halinmu. Sai a yi shela, mai unguwa ya aika, mutum biyar su je, uku cikinsu don sun ji za a raba lemo. Bayan wata shida a ce ba a shawarci kowa ba. In an kira ba ku je ba, ku faɗi gaskiya tun yanzu kar a kunyata ku a ofis. In ba a kira ba sam, to kun samu magana mai ƙarfi.

Amma abin da ya fi damuna da filin nan, ni, ruwa ne. Na san wurin. Ƙasa yake, duk ruwan da ya gangaro daga duwatsun sama nan yake taruwa ya kwana biyu kafin ya wuce. Garinmu kan dutse yake zaune, ƙasarsa ba ta shan ruwa kamar ta wasu wurare. Shi ya sa da rani muke jiran abin da aka turo daga Gogo da Machaya da Arungguza da Ganaram, da damina kuma ruwan sama ya rasa inda zai shiga sai ɗakunanmu. Kun ga daminar 2024, har tsohon masallacin Birni, ginin da ya haura shekara 150 a tsaye, ya kwanta. In aka cike filin nan da laterit aka ɗaga shi mita ɗaya aka shafe da siminti, ruwan ba zai koma sama ba. Gidan wa zai shiga? Na masu ginin ƙasa da ke bayansa.

Ina faɗin wannan ne da ciwo a raina, don na taɓa ɗaga hannu kan irinsa. A wata komin ce cikin jiharmu, ba zan kama suna ba. Zama ya yi tsawo, kwana na ƙarshe, an gama rigimar baje, wato kasafin kuɗi, kowa ya gaji, la'asar ta gota, sai aka karanto maganar ba wani ɗan kasuwa wani yanki ya gina magaza na ajiyar kaya. Aka ce zai kawo kuɗin shiga, zai ɗauki samari aiki, kuma gaskiya ne. Aka nuna mana pilan, fari fes, layi-layi. A takarda ba a ganin gangare, ɗana. Ni da nake taƙama na san gari, ban ce a dakata mu je mu taka wurin ba, abin da bai fi tafiyar minti goma a kabu-kabu ba. Na ɗaga hannu don in samu sallah cikin jam'i. Damina ta biyu katangar magazan ta tare ruwa, ya juya ya bi ta cikin gidaje. Ba a yi rasuwa ba, alhamdu lillahi, amma akwai wata tsohuwa da na tarar zaune kan buhun hatsinta da ya jiƙe, ɗakinta ya zube. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, Malam, ashe ku ma ba ku san nan hanyar ruwa ce ba? Har yau in hadari ya haɗu sai na tuna da ita.

To shi ya sa nake ce muku, in kun je, ku riƙe maganar ruwa da hannu biyu. Ku nemi a nuna muku inda kanibo, wato magudanar ruwa, zai bi, faɗinsa, da inda zai zubar. A rubuta shi cikin sharaɗin aikin, a kuma gina shi kafin a ɗora bulo, don wanda aka ce za a yi daga baya kun san labarinsa.

Murya ta uku

Ku yi haƙuri, jikata ce ta karɓe wayar.

Wani abu kuma, kar ku shiga ofis da cewa ba ma son gini. Wannan magana ba ta da kafa. Gari ne da ƙidayar 2012 ta ba shi mutum sama da 300,000, yau Allah kaɗai ya san adadinmu. Ga babbar hanya daga Yamai ta wuce Diffa, ga ta Agadas ta Tanut, ga ta Kano ta Matamai da Magarya, duk nan suka haɗu. Tun da matatar man SORAZ ta fara aiki a 2011 manyan tankoki ba su daina ratsa mu ba. Dole a yi gidajen mai, dole a yi magaza. Mai kuɗin da ya zuba dukiyarsa a Damagaram maimakon ya kai ta wani gari, ni ina gode masa, kuma patant, harajin sana'a, da zai biya da ita ake kwashe shara. Yaranmu nawa ke zaune bakin titi ba aikin yi? Saboda haka wanda zai yi magana don hassada ko tsohuwar gabar siyasa, ya zauna gida, zai ɓata muku tafiya.

Abin da za ku riƙe bayan ruwa shi ne wuta da manyan motoci. Tazarar tankin mai da katangar gidan mutane nawa ce? Lakwal ɗin yara na kusa, ta ina kamiyo zai shiga ya juya? In gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, motar pompiye tana da hanya? Waɗannan tambayoyi ma'aikacin fasaha yana jin su, don aikinsa ne, kuma sa hannunsa ne a ƙasa.

Sai masu rumfuna da masu tebur da ke bakin filin, mai shayi, mai walda, matan da ke tuya. Kun tuna gyaran gari na Zinder Sabuwa, bikin 18 ga Disamba 2018. Gari ya yi kyau, an samu tituna da fitilu, ba mai musu. Amma ƙaramin mai sana'a in aka tada shi ba a nuna masa wurin zama ba, jarinsa na ƴan jikkuna kwana kaɗan yake ya narke. Ku sa su cikin takardarku, a san inda za su koma. Mai ginin ma in mai hankali ne zai fi son ya shiga unguwa da albarkar mutanenta.

Yadda za ku yi kuwa mai sauƙi ne. Mutum huɗu ko biyar, dattawa da mace aƙalla ɗaya, da yaro mai Faransanci. Ku fara da mai unguwa, kar ku tsallake shi, kuma ku daina cewa ya sayar tun ba ku ga takarda ba, zunubi ne. Shi ne hanyarku zuwa fada in abin ya kai can. Ku rubuta wasiƙa zuwa ga kantoma, shafi ɗaya, ba zagi: muna neman a nuna mana matsayin fili kaza cikin pilan, da lambar permi da ranar da aka ba da shi, da takardar muhalli. Ku yi kofi biyu, a buga muku tampo da kwanan wata a kan taku. Wanda ya je da baki kawai, gobe a ce ba a taɓa ganinsa ba. Ku ajiye irinta a direksiyon tsara birane. Duk wanda ke da hoto ko bidiyo na filin cike da ruwa daga daminar bara, ya turo, a wanke a haɗa da wasiƙar.

In an duba komai daidai yake, sai ku zauna da mai ginin ku nemi kanibo da hanyar motoci da aikin yaran unguwa, a rubuta a gaban mai unguwa. In kuma akwai abin da ya karkace, ana fara rubuta wa wanda ya sa hannu a nemi ya sake dubawa, in bai yi ba sannan a tafi gaban alƙali. Wannan yana da wa'adi, kar ku tsaya sai an zuba dal, ku nemi lauya da wuri.

Ɗana, kai da ka tada maganar, gobe kafin ka tafi aiki ka bi ta wurin, ka duba ko sun kafa allo mai sunan aikin da lambar permi, ka ɗauko hotonsa daga bakin hanya, kar ka shiga ciki. Bayan la'asar ina gida, ku zo da takarda da biro mu rubuta wasiƙar tare. Hajiya, ke ma a turo mana mace ɗaya daga cikinku. Batir ya yi ja, sai da safe.