Injin tsotsa da janaretanka tukuna, mota daga baya

Ka ce kuɗin da ka tara da wanda kawunka ya ƙara maka sun kai ka tsaya da ƙafarka, kana so in gaya maka wane injin wankin kafet za ka saya da irin motar da za ka ɗora shi. Har ka haɗo min da bidiyon wani Bature a Amurka, inji girke a cikin bas, tiyo ya shige har uwar ɗaka. Na gani, ɗana. Ajiye bidiyon nan ka saurare ni.

Wancan injin fetur yake sha da kansa. Shi yake dafa ruwa, shi yake feshi, shi yake tsotsa, kuma muddin ana aiki a kunne yake. An yi shi ne saboda ƙasar da kafet yake manne daga bango zuwa bango a ɗakuna da yawa, ga masu gyaransa a kusa. Kai ka san abin da muke zubawa a janareta tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Kuma ran da ya tsaya, wane bakanike ne a Wudil ko Gaya zai buɗe maka shi? Mu a nan aikinmu shimfiɗun masallatai ne, da kafet ɗin amare, da kujerun kushin, da kujerun mota, da dardumar masu bayar da hayar kayan biki. Abin da yake ɓata min rai da ku yaran yanzu ke nan, mutum bai iya bambance ulu da zaren roba da hannunsa ba, amma har ya zaɓi fentin da zai yi wa mota da inda zai rubuta lambar wayarsa.

Kuɗinka na farko a injin tsotsa za ka sa su. Jiƙa kafet kowace matar aure ta iya da bokiti da omo. Abin da ake biyan mu dominsa shi ne fitar da ruwan da dattin da ya kwaso. Ka nemi mai tsotsar ruwa da ƙura, mai moto biyu ko uku, tankinsa lita 60 zuwa 80. Kowane moto yana jan wajen wat 1,000 zuwa 1,200, ka riƙe wannan lissafin don zan dawo kansa. Idan ka je Sabon Gari kada ka tsaya kallon sheƙin jikinsa. Ka sa a buɗe kansa ka ga ko ƙwallon nan da ke toshe hanyar iska idan tanki ya cika yana nan yana motsi, ka tambayi inda ake samun gawayin moton, wato ɗan baƙin guntun nan da ke gogar cikin moto yana ba shi wuta, don shi ne yake fara cinyewa. Mai kayan da ya fara kame-kame a kan gawayi, bar masa kayansa.

Yanzu batun wuta, kuma shi ya sa ban bar amsar nan sai mun haɗu ba, don tambayarka ta tono min abin da har yau idan na tuna sai barci ya ƙaurace min.

Kafin ka zo wurina ne. Wani mai hali a wani ƙauye ta wajen Sumaila zai aurar da ɗansa, cikin watan Agusta, damina ta zauna sosai. Ya aiko direbansa ya same ni a nan Wudil, wai babban falon saukar baƙi za a wanke, kafet ne manne da ƙasa, ba ya naɗuwa. A lokacin janaretana yana wurin gyara. Na ce zan ɗauko na haya in ƙara kuɗin a kan aiki. Aka kira shi a waya, da kunnena na ji yana cewa: "Wane irin haya? Gidana akwai babban janareta na dizal da yake ɗaukar gidan gaba ɗaya, ga burtsatse. Shi dai ya zo da injinansa kawai." Dattijo ne mai furfura, ana ba shi sahun gaba a masallaci. Na ɗauki maganarsa maganar manya.

Muka isa da hantsi ni da yara biyu. Kafet ne ja mai kauri, na ɗaga gefensa ta bakin ƙofa na ga bayansa saƙar igiya ce irin ta buhun gyaɗa na da. Irin wannan ba ya son ruwa ya kwana a jikinsa, don igiyar tana takurewa, kuma tana fitar da wani ruwan ƙasa-ƙasa da yake hawowa saman gashin idan ya daɗe bai bushe ba. Na gaya wa yara a yi shi kashi-kashi, a jiƙa kaɗan a tsotse nan take. Sai ga maigidan ya shigo da carbi a hannu, ya ce shi ba ya son aikin ƙwauro, baƙinsa daga Kano da Dutse za su zo, a jiƙa ko'ina a dirje sosai kafin a tayar da janareta, don ba zai ƙona dizal tun safe ba. Muka fesa ruwan magani da abin feshi na goyo irin na manoma, muka bi da buroshin hannu har kusan rabin falon.

Aka tayar da janareta. Na jona injin tsotsata, wadda na fi ji da ita a duk kayana, mai moto biyu, na danna makunni. Ƙarar da ta yi ban taɓa jin irinta ba, wani siririn ihu da ya yi sama, na hango tartsatsi shuɗi ta ramukan iskar kanta, kafin in kai hannu hayaƙi ya turnuƙe da warin ƙonannen kwayil. Ƙwan fitilar da ke saman falon shi ma ya yi fau ya mutu. Duka moto biyun sun tafi a lokaci guda.

Ga rabin falo sharkaf da ruwa da sabulu, ga hadari ya haɗo ta gabas. Muka koma matsewa da tawul da tsummokara muna zubawa a bokiti har bayan isha'i, gwiwoyin yaran nan duk sun saɓule. Na roƙe shi a ɓamɓare kafet ɗin a ɗaga shi a kan benci iska ta shiga ƙarƙashi, ya ce ba mai taɓa masa ƙusa ko ɗaya. Na ce to a bar tagogi a buɗe a kunna fanka, ya ce sauro. Na bar injin gogata a gidan a kan zan nemo injin tsotsa na aro in dawo. Kafin in samo in koma, falon ya ɗauki wari, tabo ruwan ƙasa ya fito jere da jere, gefen bango kuma kafet ya janye ya bar siminti a fili.

Nan mutumin nan ya nuna min ko shi wane ne. Ya sa aka kulle injin gogata a sito, ya ce na zo da ruɓaɓɓen inji na lalata masa kafet na kuma ƙona masa wayarin ɗin gida. Aka tara dattawan gari a zaure. Kowa a wurin ko ya ci bashinsa ko yana noma gonarsa, ni kuwa baƙo. Aka yanke in biya rabin kuɗin sabon kafet kafin a ba ni injina, kuɗin aiki kuwa ko zancensa ba a yi ba. Babur ɗina na sayar, da ragon da uwargida take kiwo don layya. Na yi watanni ina wanki da hannu a bakin kogi kafin in sake mallakar injin tsotsa.

Abin da ya fi ƙona min rai sai daga baya na ji shi. Maigadin gidan ya tare ni a kasuwar Wudil wata Juma'a, ya ja ni gefe ya ce tun kafin zuwana janaretan nan ya ƙona firji da talabijin a gidan, kuma mai gyaran wuta ya gaya wa maigidan kada a sake jona komai sai an gyara. Janareta ne mai layi uku, wayar nutural ɗinsa, wadda take daidaita wuta tsakanin layukan, ta saki. Idan haka ta faru, soket ɗin da ya kamata ya ba ka wuta volt 230 yana iya harbawa ya doshi 400. Ya sani sarai. Ƙyashin kuɗin gyara da kuɗin hayar janareta ne ya sa ya rufe bakinsa, ya bar ni na jona abincin iyalina a ciki. Har yau yakan wuce ni a mota ya ɗaga min hannu. Ina amsa sallama don haƙƙin Musulunci ne, amma ban yafe ba, akwai ranar da za mu tsaya ni da shi.

Saboda haka janaretanka shi ne abu na biyu, kafin injin goga, kafin mota. Kada ka jona injinka a wutar gidan kowa, ko limamin garin ne, sai ka sa mitar auna ƙarfin wuta a soket ka gani da idonka. Mitar ba ta kai kuɗin moto ɗaya ba. Ka tara wat ɗin duk abin da za ka kunna a tare, ka ƙara sarari mai yawa a kai, don injin goga da famfon tura ruwa suna jan ninkin wutarsu a lokacin tashi. Moto biyu na tsotsa da injin goga sun haura wat 3,000, ka ga ƙaramin janaretan cajin waya da fanka ba ya cikin lissafi. Ka nemi mai kVA 5 ko sama. Wayar jan wuta ta zama mai kauri, mai lamba 2.5, kuma ka warware ta duka daga kan abin naɗinta, in ba haka ba zafi za ta ɗauka.

In kayan Beljiyam za ka saya, ban hana ka ba, wasunsu sun fi sababbin yanzu ƙarko. Amma ka karanta farantin da ke jikin injin. Na Amurka 110 ko 120 ne, ka jona shi a wutarmu ya ƙone nan take. Na Ingila da Jamus wutarsu ɗaya da tamu, sai dai ka canza wa na Jamus filogi. In ka samu injin kamfanin Kärcher ko Numatic mai lafiya, irin mai feshi da tsotsa a haɗe, ka riƙe shi don kushin da kujerun mota, amma tankinsa ƙarami ne, ba zai wanke maka masallacin Juma'a ba.

Yadda ake kaɗe ƙura kafin a sa ruwa, da gwada launi a lungu da farin ƙyalle, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya yi shekaru a wurina bai san wannan ba, ya koma tallan rake. Abu ɗaya zan maimaita don na ga kana yi idan ba na nan: omo mai kumfa ba ya shiga injin tsotsa. Kumfa ba ta da nauyin da za ta ɗaga ƙwallon nan, sai ta wuce ta gefensa ta shige moto. Ka sayi sabulun kafet marar kumfa, araha ba ta ado. Ulu kuma ba ya son bilic, ba ya son ruwan zafi.

Injin goga mai faranti ɗaya, inci 17, mai juyawa a hankali, da buroshi mai laushi, ya ishe ka. Injin feshi mai ƙarfi irin na masu wankin mota na shimfiɗar roba ne da aka baza a kan siminti a waje, ka kusanta bakinsa da kafet mai gashi ya tsefe shi. Ruwan rijiya da na kogi suna ɗauke da yashi, yashi kuwa shi yake cinye famfo, don haka ka sa matata a bakin tiyo, kuma kada ka bar famfo ya yi gudu babu ruwa.

Mota kuwa lissafin nauyi ce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin lita 1,000 da na ji kana ambata tan guda ke nan, alhali ƙaramar Hijet mai buɗaɗɗen baya kilo 350 aka ƙera ta ta ɗauka. Ka ɗora mata janareta da injina da jiƙaƙƙen kafet, wanda ya ninka busasshe nauyi, sannan ka bi hanyar ƙauye da damina, sifirin zai karye maka a inda ko mai faci babu. Duro ɗaya na lita 200 ya isa na fara aiki da ɗauraya, sauran ka saya wurin 'yan garuwa a garin da ka je. Ka kafa shi ƙasa-ƙasa a tsakiyar mota, ɗan gaba da tayoyin baya, mai walda ya yi masa mazauni da ɗamara. Ko ka cika shi fal ko ka juye shi, don rabin duro yana tambal-tambal a kwana yana fizgar mota.

Ni a ganina ka fara da kurkura mai ƙafa uku, ko ma ka riƙa ɗaukar shata har aiki ya zauna. In kuma ka nace sai rufaffiyar bas, to janareta a ƙasa ake sauke shi a kunna, nesa da taga da ƙofar masu gida, don hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa. Jarkar fetur daban, ba kusa da shi ba. A yi maka kanta a sama ta ɗaukar wankakken kafet, a naɗe shi naɗi, kada a ninke, a rufe da tamfol saboda ƙurar hanya. Mai datti yana ƙasa, ba sa haɗuwa.

Ranar Asabar ka zo da sassafe mu shiga Kano tare. Ka taho da guntun kafet ɗin nan mai kauri da ke bayan shago da galan na lita 4 cike da ruwa. A gaban mai kayan za mu juye ruwan a kai mu sa injinsa ya tsotsa, sannan mu buɗe tanki mu auna abin da ya dawo. Kuɗin kuma ka bar su a asusu, kada ka nuna wa kowa ko nawa ne sai na gama ciniki.