Amsar Tambaya: Me Ake Nufi Da "Gonar Ta Koma Sabara"?

Wata 'yar'uwa daga Kano ta rubuto tana cewa kakarta ta ce gonar su ta ƙauye "ta koma sabara", ita kuma ba ta gane ba, wai sabara ciyawa ce ko me?

To 'yar'uwa, sabara ba ciyawa ba ce, ba kuma babbar bishiya ba ce, ƙaramin icce ne mai rassa da yawa daga tushe ɗaya, ba kasafai yake wuce mita 3 ba. Fulani na ce masa geloki, masana tsirrai kuma Guiera senegalensis. Ƙasar jigawa mai rairayi yake so, shi ya sa in ka bi hanyar Daura ko Maraɗi za ka gan shi birjik. Ganyensa toka-toka ne, in ka juya bayansa akwai ɗige-ɗige baƙaƙe, furen ɗan dunƙule ne ruwan ɗorawa, 'ya'yan kuma gashi ne lulluɓe da su.

Abin da kaka take nufi shi ne an bar gonar ba noma har sabara ta cinye ta, irin wannan gona ita ake kira saura. Amma fa kar ki ɗauka asara ce zalla, gaskiya ni ina jin ciwon yadda ake raina iccen nan. Da bazara manomi zai yi sassabe ya sare sabarar ƙasa-ƙasa, kafin lokacin kaka ta sake toho kamar ba a taɓa ta ba, don saiwarta ta yi nisa cikin ƙasa. Lokacin hunturu ki je gindinta ki duba, za ki tarar da ɗan tudu na rairayi da busasshen ganye da kashin awaki da iska ta taro, taki ne kyauta, geron da ke kusa da wurin yakan fi na gefe kyau. A Senegal ma masu bincike sun gano saiwar tana jawo ruwa daga can ƙasa da dare ta jiƙa ƙasar sama, gero ya sha. Nan ne Bahaushe zai ce raina kama ka ga gayya, wato kar ƙanƙantar abu ta ruɗe ka.

Ga magani kuma, ana dafa ganyen don tari da gudawa, makiyaya na turara shi su kori ƙuda daga shanu. In kun tashi gyaran gonar ku sare rassan kawai, ku bar kututturen.